Baƙon da Na Saka a Tukunya

Duk lokacin da kuka kawo mini jikoki hutu, ina jinsu suna gunaguni a bayan ƙofa, wai miyar kuɓewar Kaka ba ta yauƙi, wakenta kuma sai haƙori ya gaji. Ke Rahila har kin taɓa sayo mini ƙullin kanwa a kasuwar Kawo, kika ajiye a kan kantar kicin, a zatonki tsufa ne ya sa nake mantawa. Ban manta ba. Kuna fita na zubar da ita a kwata. Shekara goma sha ɗaya ke nan kanwa ba ta shiga tukunyata ba, kuma dalilin ne zan rubuta a nan. Kai Ishaya, na san halinka, zuciyarka a kusa take irin tawa. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Shekarar da babanku Luka ya ajiye aikin tuƙi a ma'aikata, gidan nan namu na Badarawa ya yi mana girma. Kai kana Legas, ke kina gidan mijinki a Jos, mu biyu ne sai rediyo. Ba a yi wata huɗu ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalminsa na zuwa coci ya ƙi shiga. In na danna masa ƙauri da yatsa, ramin sai ya zauna kamar na danna tuwo. A asibiti suka ce zuciyarsa ce ta gaji, ruwa na taruwa a jiki, suka ba shi ƙwayoyi, suka kuma ja mini kunne da cewa kada gishiri ya ƙara shiga bakinsa. Ku shaida ne, ba na wasa da maganar likita. Ranar na kwashe gishiri da dunƙule na ba maƙwabciya, ni ma na koma cin lami tare da shi don kada ya ga ina cin daɗi a gabansa. Ƙwayoyin sun rage kumburin, amma mutumin ya zama wani iri. Ba ya cin abinci, ba ya hira, tafin ƙafarsa sanyi ƙalau ko da rana ta take. Yakan zauna a ƙofar ɗaki ya zuba wa katanga ido, ni kuma in yi ta kai da kawowa a tsakar gida ina magana da kaji.

Wani dattijo a cocinmu ne ya ba mu labarin wani ɗan ƙasar Sin da ke Abakpa, wanda ya soke wa matarsa gwiwa da allurai har ta ajiye sanda. Dokta Cen ake ce masa. Ya zo ƙasar nan ne tare da masu aikin hanya, yana duba ma'aikatansu, aikin ya ƙare, mutanensa suka koma, shi ya zauna. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, ɗansa guda yana can ƙasarsu. Na ƙi da farko. Ni ’yar mai magani ce. Kakarku, uwata, babu saiwar da ba ta sani ba a dutsen garinmu, mutane daga ƙauyuka uku suke zuwa wurinta. Na ce me wani baƙo zai gaya mini a kan itace? Babanku ya dube ni da idanun nan nasa da suka faɗa, ya ce:

“Saratu, kai ni dai. Ko ba komai na ga titi.”

Muka hau keke muka je. Shago ne ɗaya da ɗan ɗaki a baya, a wani layi mai shiru. Bango guda duk ƙananan durowoyi ne na katako, kowace da rubutunsu a goshi, wurin yana ƙamshin kirfa da tsohon itace. Mutumin ɗan siriri ne, kansa fari fat, Hausarsa a karye, yana ce mini “kai” yana ce wa babanku “ke”, amma ana ganewa. Bai ɗauko abin awo ba. Ya sa babanku ya ɗora hannu a kan wani ɗan matashi, ya dafa masa wuyan hannu da yatsu uku, ya rufe ido. Ya daɗe har na fara tunanin ko barci ya kwashe shi. Ya koma ɗaya hannun. Sannan ya ce ya fito da harshe, ya leƙa sama da ƙasa. Ya yi tambayoyin da ko ni da na yi shekara talatin da takwas da mutumin ban taɓa yi masa ba: ruwan zafi yake sha'awa ko na sanyi, gumi yake yi ko a'a, da wane lokaci ƙarfinsa ya fi ƙarewa. Ya karɓi ƙwayoyin asibiti ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mini.

“Wannan kar a daina. Ko kwana ɗaya. Nawa taimako ne, ba canji ba.”

Ka ji ko, Ishaya? Da bakinsa ya faɗa, ranar farko.

Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni da ban tambaya ba. Ya ce a wurinsu jiki sanyi ne da zafi, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa, lafiya ita ce kada ɗaya ya danne ɗaya. Ya ce zuciya wuta ce, ƙoda kuma ita ke da ruwa. Wutar babanku ta yi ƙasa, ruwa ya fi ƙarfinta, shi ya sa ya gangaro ƙafa ya kwanta, shi ya sa ƙafar take sanyi. Aikinsa shi ne ya hura wutar a hankali, ya buɗe wa ruwan hanya. Ya ce kowane ɗanɗano yana da gidan da yake sauka a jiki: ɗaci ya nufi zuciya, tsami hanta, yaji huhu, gishiri kuwa kai tsaye ƙoda yake tafiya ya kira ruwa. Ina jinsa ina gyaɗa kai, a raina ina cewa yo ai wannan karatun uwata ne, sanyi ya shiga jiki a kore shi da zafi, bambancin kawai ita ba ta da durowa. Na ji daɗinsa, kuma na raina shi kaɗan. Duka biyun gaskiya ne.

Ya jajjawo durowoyi yana aunawa a wani ɗan sikeli mai sanda. Na gane citta, na gane kirfa. Akwai wani fari kamar busasshen rogo, da wata saiwa da aka yanka fale-fale. Ya ƙulla su kashi-kashi a takarda, ya ce a tukunyar ƙasa za a dafa, ban da ta ƙarfe, kofi uku na ruwa su koma ɗaya, a sha da ɗumi safe da yamma. Har mun kai ƙofa ya kira ni.

“Mama, magani kamar fada ne. Wannan sarki, shi ne mai aikin. Wannan waziri, yana taya shi. Wannan yana hana sarki yin zafi da yawa. Wannan ƙarami ɗan aike ne, shi ya san hanya. Kowa ya san wurinsa. Kar a sa baƙo.”

Na ce to. Na sayi sabuwar tukunya a Kawo, ’yar madaidaiciya mai baƙin gindi, na fito da kurfoti.

Makonni uku na farko, Allah ya sani, mun ga haske. Ƙafar ta yi ɗumi. Ya fara neman abinci da kansa, har ya yi mini faɗa a kan lami, na ji daɗin faɗan kamar an ba ni kyauta. Ranar Alhamis-Alhamis muke komawa, a kwantar da shi a ɗakin baya a soka masa allurai siraran nan marasa ruwa a ƙafa da hannu, su biyu su yi ta hira a kan tituna. Babanku ya tuƙa mota a kan hanyar da shi Dokta ya yi zaman sansani ana gininta, kowace kwanar hanyar sun santa. Ni ina zaune a benci ina jiyo dariyarsu. Sai daga baya na fahimci cewa mutumin nan, ban da masu ciwo, babu mai shiga wurinsa. A bayan shagon yake dafa shinkafarsa, shi kaɗai yake ci.

To, ga inda na shigo. Kullum in na tace maganin sai in ɗanɗana, sai in ji shi salam, ɗaci ne kawai da ƙamshi. A gidanmu ba a sauke jiƙo ko dahuwar saiwa ba tare da an jefa jar kanwa ba. Uwata takan ce ita ke buɗe itace ta fito da ƙarfinsa, ita ke wanke ciki. Tun ina ’yar shekara bakwai ni ke miƙa mata. Na ga mutumin yana samun sauƙi, na ce a raina, da wannan abin ya samu kanwa ai da tuni ya miƙe. Ba mugunta ba ce, gaggawa ce da son a ce da hannuna a ciki. Maganar baƙo kuwa ban manta da ita ba, amma ni a wurina kanwa ba baƙuwa ba ce a tukunyar magani, ’yar gida ce. Kuma ko a mafarki ban taɓa lissafa ta cikin gishiri ba. Gishiri na miya ne, kanwa magani ce. Haka na tashi na gani, haka duk matan layinmu za su gaya muku har gobe.

Na fara da kamar ƙwayar gyaɗa. Babanku ya kurɓa, ya ɗaga gira.

“Yau kam ya yi kama da na gida.”

“Sha dai, kar ya huce.”

Ya sani, kuma shi ma bai ga komai a ciki ba. Da na ga ya karɓa sai na ƙara, ta koma kamar ɓarin goro, safe da yamma. Har kunun kanwa na dama masa sau da yawa, tunda ba ya son lami, shi kuwa kunun yana shiga.

A mako na biyar takalmin ya sake ƙin shiga. Dokta Cen ya riƙe hannun ya daɗe fiye da kullum, ya duba harshe, ya ɓata fuska. Ya juyo gare ni.

“Mama, gishiri?”

Raina ya ɓaci nan take. Ni da na yi wata da watanni ina cin abinci kamar na mai takaba?

“Haba Dokta! Ko ƙwaya ɗaya babu a gidana. Ka je ka bincika.”

Ya ba ni haƙuri har da sunkuyawa. Ya ce to laifin haɗinsa ne, ya canza, ya ƙara farin nan mai kama da rogo, ya ce mu koma asibiti su ma su duba. A asibiti aka yi mini tambayar, na ba da amsar, aka ƙara masa ƙwaya. Na dawo gida na dafa sabon haɗin, na jefa kanwata. Kumburin ya wuce gwiwa. Ya koma ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matasai uku, in ya je bayi ya dawo sai ya yi ta haki kamar wanda ya hau dutse. Ni kuma ganin ciwon na ƙaruwa, sai nake ƙara abin da nake ganin shi ne ƙarfin maganin.

Alhamis ta gaba Dokta ya aiko a ce in taho da tukunyar. Na naɗe ta a zani na kai. Babanku yana ɗakin baya a jingine. Mutumin ya ɗauki tukunyar ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya shinshina, ya leƙa. A wuyanta ta ciki akwai wani farin sawu da ya bushe ya zagaye. Ya kankara da farce ya ɗora a harshe. Ba zan manta yadda ya tsaya ba. Ya rage murya don kada a ji a ciki.

“Mama, wane baƙo ne wannan?”

“Kanwa ce. Ai ba gishiri ba ce, magani ce.”

“’Yar'uwarsa ce. Gida ɗaya suke sauka. Kwana nawa?”

Na ƙirga masa. Kafin in kai ƙarshe na riga na gane. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ajiye tukunyar a ƙarƙashin teburinsa, ya fita titi da kansa ya tsayar da mota, ya ce yanzu-yanzu asibiti, ba gobe ba, kuma in gaya musu komai. Na gaya wa likitar da ta karɓe mu. Ta dafe kai ta ce kullum suna faɗa da mata a kan kanwa. Na tambaye ta ko ni ce na kashe shi, tun yana da rai na yi tambayar. Ta ce zuciyar ta daɗe da gajiya, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya kai ta ƙasa, amma kanwar ba ta taimaka ba. Da wannan amsar nake kwana nake tashi har yau.

Kwanansa tara a gadon asibiti. A rana ta uku na durƙusa a gefen gadon na gaya masa. Ya yi ɗan murmushi, ya dafa kaina.

“Ni ma ai na sha da daɗi. Kar ki gaya wa yaran, Saratu. Za su riƙe ki da shi.”

Ya ce kar in gaya muku. Bai ce in bari ku ɗora wa wani ba. Wannan ni na ƙara, kamar yadda na ƙara kanwar.

Kun iso an riga an kai shi ɗakin ajiye gawa. Kai Ishaya ka shiga ɗaki ka ga ƙullin takardun nan a kan tebur, ka kwance ɗaya, ka ga saiwoyi. Ka fito tsakar gida, gaban ’yan zumuntar mata da dangin babanku, kana ɗaga su sama.

“Mama, mene ne wannan? Wa ya ba shi wannan shara?”

Na ce wani likita ne a Abakpa. Iyakar abin da na ce ke nan. Gidan cike yake da mutane, ’yan'uwansa mata suna zaune a tabarma suna kallon bakina, na ga yadda za su dube ni in na ƙarasa maganar, sai na haɗiye ta. Washegari Dokta Cen ya zo gaisuwa, sanye da baƙar riga, da ledar lemo a hannu. Ka tare shi a ƙofa ka ce kada ya kuskura ya taka gidan. Ina jinka daga ɗaki. Ban fito ba.

Bayan jana'iza ka ce sai na raka ka shagon, na bi ka kamar akuyar da aka ja. Ka tuna abin da ka yi, ba sai na ƙawata ba. Ka fizgo durowoyi ka watsar a ƙasa, ka kira shi mai kisan kai, ka ce ya zo ƙasar mutane yana gwaji da iyayensu. Layin ya cika, masu shaguna da masu wucewa, wasu suna ɗauka a waya. Yana tsaye a tsakiyar saiwoyinsa, hannuwansa a gefe. Tukunyar tana nan ƙarƙashin tebur, ina hango gindinta daga inda nake. Abu ɗaya zai yi, ya sunkuya ya ɗauko ta ya nuna maka farin sawun. Ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai. Sai ya juya gare ka.

“Ka yi haƙuri. Babanka abokina ne. Ka yi haƙuri.”

Ya durƙusa ya fara tattara saiwoyinsa.

Kuka koma, kowa ya kama gabansa, gidan ya rage ni da kaji. A coci aka yi ta ba da labarin, har dattijon da ya kai mu ya zo ya roƙe ni gafara, na ce ba komai, na karɓi gafarar da ba tawa ba. Ana yaba mini haƙuri. Ba ku san irin kaɗaicin da ke cikin a yi ta tausaya wa mutum a kan ƙarya ba. Kowa ya zo gaisuwa sai in ji kamar da wata yake magana, ba da ni ba. Mutum ɗaya ne a duk Kaduna ya san ni yadda nake, shi ne kuma ba na iya zuwa wurinsa. Sau biyu ina hawa keke zuwa Abakpa, in sauka a bakin layin, in hango shi zaune a benci ba kowa a shagon, in juya. Na ce sai bayan Kirsimeti. Na ce sai an yi shekara.

Da na je a ƙarshe, shagon ya koma na masu ɗinki. Matar da ke sayar da kayan miya a gefe ta ce ai tun damina ya tafi, mutane sun daina zuwa, ya raba durowoyin ya koma ƙasarsu. Ba ta san garinsu ba, ba wanda ya sani. Ta ƙare mini kallo.

“Ke ce matar direban nan da ya rasu?”

Na ce ni ce. Ta shiga ta fito da abu naɗe a cikin zanina, wanda na kai tukunyar da shi.

“Ya ce in kin zo in ba ki. Ya ce za ki zo.”

A cikin keke na kwance. An wanke ta tas. An goge wuyan da wani abu mai kaushi har ƙasar ta canza launi, babu ko ɗigon fari. Babu takarda, babu saƙo. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har mai keken ya tsaya a gefen titi yana tambaya ko lafiya.

Ita ce a saman kabad ɗin ɗakina, wadda kuke cewa ta kakarku ce ta ƙauye, ni kuma ban taɓa gyara muku ba. Ban sani ba ko mutumin yana da rai. In yana da rai ya haura tamanin, kuma wannan takarda ba za ta taɓa isa gare shi ba. Ku kaɗai za ta isa. Ishaya, shekara goma sha ɗaya kana gaya wa ’ya'yanka cewa wani ɗan Sin ne ya kashe kakansu, ina zaune ina ji, ina zuba musu abinci. Ka daina. In dole sai ka kira sunan wani, ga ni nan a Badarawa, ban je ko'ina ba. Yanzu kana iya ɗaukar wayar.